Jirgin da Na Shafa wa Koren Fenti

Zuwa ga abokina Yohanna,

Gaisuwa mai yawa, da so, da girmamawa. Hannu ya saba, saura kaɗan in rubuta cewa ina fata kana nan lafiya, sai na tuna wanda nake rubuta wa. Yau shekara biyu ke nan da 'yan watanni da aka ɗauki gawarka aka kai garinku. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Babu gidan wayar da zai karɓe ta, babu direban da zan danƙa wa in ce ya kai maka hannu da hannu. Amma akwai magana a bakina, kuma taka ce, ba ta kowa ba. Shi ya sa yau da na idar da azahar na janyo ƙofar shago, na ture gwangwanayen fenti gefe guda, na zauna da biro. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, hannuna ya fi sanin guduma.

Bari in fara da labarin gari. Ka tafi ka bar farar hula suna mulki. To, soja sun sake karɓa. Yanzu komai sai an bi layi, sabulu da madara da sukari, ga mai bulala tsaye a gefe. Arzikin man fetur ɗin nan da ya cika gari har muka zaci ba zai ƙare ba, ya janye. Da can mutum zai kawo mini sabuwar mota a kan 'yar lotsawar da ko ido ba ya gani sosai. Yanzu tsofaffin ake turo mini in yi musu faci. Filin bayan Runjin Sambo, inda muke zuwa tayar da jirgi, babu shi, an yanka shi fuloti-fuloti, gidaje sun tashi. Na bi ta wurin kwanan baya a kan keke, na rasa gane inda muke tsayawa. Matata Kulu tana nan, sai ciwon gwiwa. Har yanzu wani lokaci in ta dafa shayi ranar Lahadi da yamma, kofi biyu take miƙowa ta ƙofar zaure, sai ta tuna ta janye ɗaya.

Abin da zan tuna maka yanzu ka san shi duka. Amma ka bar ni in faɗa, don duk faɗin Sakkwato babu wanda zan zauna in yi hirar nan da shi. In na fara, sai a yi murmushi a ce tsoho da wasan yara.

Ka tuna zuwanka na farko shagona a Gidan Dare? Tankin babur ɗinka ka kawo, jaki ya hamɓare shi a hanyar Kalambaina, inda kamfaninku na siminti yake. Kana tsaye da farar ƙurar siminti har a gashin ido, kana kallona ina fitar da lotsawar daga ciki ba tare da na fasa fentin ba. Ba ka yi magana da yawa ba. Bayan mako guda sai ga ka da akwatin katako ɗaure a bayan babur. Ka ce wani Bajamushe da kuke aiki tare a wajen injuna ya gama kwangilarsa zai koma gida, ya bar maka. Ka buɗe, na leƙa, na ga wani ƙwarangwal na ƙarfe: inji bai wuce dunƙulen hannu ba, farfela doguwa kamar tsawon hannuna biyu, wutsiya bututu ce kawai da 'yar ƙaramar farfela a ƙarshe. Ga kuma wani akwatin rediyo mai sanda biyu da doguwar eriya. Ka ce mini jirgi mai saukar ungulu ne, yana tashi, amma tsirara yake, kana so in ɗinka masa riga.

Dariya na yi maka ranar. Sai da Lahadi ta zo, ka taso daga coci, ka ɗauke ni zuwa filin nan. Ka zuba masa mansa mai warin man zurma, ka tayar da injin, ka ja da baya ka sa manyan yatsunka biyu a kan sandunan. Abin ya yi ta ƙara, ciyawa ta kwanta, sai na ga ƙafafunsa sun bar ƙasa. Ya tsaya a iska daidai ƙirjina, ba ya gaba ba ya baya. Yohanna, ina da shekara arba'in a lokacin, ina da 'ya'ya biyar, amma sai da na yi tafi kamar yaro.

Ni na zaɓi rigar farko. Na ba ka labarin jirgin da na gani ina saurayi, wanda aka kawo fadama don feshin tsuntsayen jan-baki da suka addabi masu shinkafa. Kansa kamar ƙwallon gilashi, kana hango matuƙin har takalminsa, wutsiyarsa kamar tsani. Da zai sauka iskarsa ta kwashe hulunan mutane, tsofaffi suka watsar da tallarsu suka ruga. Tun daga ranar ban sake ganin irinsa ba. Kai kuwa kafin in gama ka riga ka gane shi, ka ce ai tsohon yayi ne, an daina ƙera irinsa. Ka kawo mini hotonsa a wata tsohuwar mujalla da Bajamushen ya bari.

Wata huɗu muka yi a kansa. Wutsiyar da wayoyin ƙafar keke na haɗa ta, ɗaya bayan ɗaya, ina liƙewa da darma. Kan ne ya ba mu wuya. Gilashin roba na gaban babur muke gasawa a kan garwashi, in ya yi laushi mu danna shi a bayan ƙwarya. Na farko ya ƙone, na biyu ya yi kumfa, na uku ya tsage a hannunka ya ƙona ka. Sai a na biyar muka samu, da wata ƙwaryar Kulu ta dama fura, wadda har yau ba ta yafe mana ba. Duk abin da na gama sai ka ɗora shi a sikeli ka girgiza kai ka ce in rage. Ni ina so ya yi kama da na gaske, kai kana so ya tashi. Mun fi yin gardama a kan wannan fiye da komai. Ka ce in sassaƙa ɗan matuƙi da itacen rimi a zaunar da shi a ciki, na ce ni ba na sassaƙa mutum. Ba ka matsa ba, ka ce to a bar kujerar babu kowa. Ban taɓa gaya maka na ji daɗin haka ba.

Ranar da ya tashi da rigarsa, rana na haska kan nan, wani dattijo mai jaki ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wallahi shi ne wanda ya zo fadama, sai dai ya tsufa ya ƙanƙance. Mun yi dariya har ka kusa kayar da jirgin.

Na biyun kai ka kawo zancensa. Ba ka son maganar yaƙin basasa, amma na san ka yi aikin kanikanci a wajen sojojin sama a lokacin. Wata rana muna shan shayi sai ka ɗauki takardar buhun siminti ka zana wani jirgi mai ƙaton hanci, injinsa a cikin hancin, matuƙi yana sama kamar mai zaune a bene. Ka ce duk jiragen da ka taɓa sa wa hannu babu wanda ka so kamarsa. Ka ce tsoho ne, mai zubar da mai, amma bai taɓa barin mutanensa a daji ba. Ka kuma ce da shi ake kwaso waɗanda aka ji wa rauni, kuma kai kake wanke cikinsa da bokiti bayan an sauke su.

Na ce mu yi shi. Na samo falankan alminiyon marasa kauri, irin waɗanda maɗaba'a ke zubarwa in sun gama bugu. Na sassaƙa hancin da itace, na yi ta buga alminiyon a kansa da ƙaramar guduma har ya ɗauki siffa. Kawunan ƙusoshin da ke jikin jirgi na gaske, da bakin ƙusa na fitar da su daga ciki, layi-layi, har idona ya riƙa ruwa. Tagogi shida, ƙofa mai zamewa, matakala. Wata shida. A duk rayuwata ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ban sake yi ba.

Sai maganar fenti. A nan nake so ka saurare ni da kyau.

Kai ka ce a yi masa fari, ko ruwan ɗorawa irin na jiragen masu haƙar mai. Ni na ƙi. Na ce jirgin da ka zana mini kore ne, in aka sa masa wani launi ƙarya muka yi. Na dama koren soja sau uku ina nuna maka, har a na ukun ka dube shi ka kau da kai ka ce shi ne. Na ce zan ƙara masa tambarin da ke gefe da lamba. Ka ce, "Ummaru, wannan kam ka bar shi." Na ce to. Amma tsakiyar mako, kana can wurin aiki, na ɗauki ƙaramin burushi na zana su. Da ka zo ka gani ba ka yi faɗa ba. Ka shafa gefen da hannu, ka ce na cika taurin kai.

Sau biyu kawai ya tashi. A karo na biyu mutane sun taru sun fi ɗari, har da masu motoci da suka tsaya a bakin hanya. Ina tsaye a bayanka ƙirjina kamar ya fashe don alfahari, duk wanda ya tambaya sai in ce ni na ƙera jikin.

Juma'ar da ta biyo baya aka harbe shugaban ƙasa a Legas. Ka tuna yadda gari ya yi tsit, kowa na manne da rediyo. Da aka fara kama waɗanda suka shirya abin, sai aka ji da yawansu mutanen wajenku ne. Daga nan kallon da ake muku ya sauya. Wanda kuke gaisawa kullum a kasuwa sai ya gan ka ya sunkuyar da kai. Kai ka ci gaba da zuwa aikinka, ka ce wanda bai yi komai ba me zai sa ya ɓuya. Bayan mako uku aka ɗauke ka a ƙofar ma'aikata. Wani, har yau ban san ko wane ne ba, ya kai rahoton cewa akwai tsohon soja ɗan Filato da ke da rediyo mai doguwar eriya da jirgi mai tambarin soja.

Washegari da hantsi suka zo shagona, biyu da kaki, ɗaya da farin kaftani. Suka kai ni wani ofis, suka ajiye ni a benci har la'asar ta kusa. Da aka shigar da ni, ga jirginmu a kan tebur, an cire masa farfela, fanka na juyawa a samansa.

Babu wanda ya taɓa ni, Yohanna. Wannan nake so ka sani. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa tilasta ni aka yi, amma ko tsawa ba a daka mini ba. Mai kaftanin har ruwa ya sa aka kawo mini. Tambaya uku ya yi. Ya ce yaya nake da kai. Na ce ban san ka ba sai a kan aiki, kamar yadda kowa ke kawo mini aiki. Ya ce wa ya ce a yi masa launin soja da tambari. Na ce kai ne, kai ka kawo zane ka ce haka kake so. Ya ce ko na san abin da kake yi da rediyon. Na ce ni jahili ne, ban san komai game da rediyo ba. Aka rubuta, aka karanta mini, na sa hannu. Kafin magariba ina gida ina cin tuwo.

Me ya hana in ce abin wasa ne, ko buta ba zai iya ɗauka ba? Me ya hana in ce rediyon ba ya magana, ba ya jin magana, ni da idona na ga cikinsa? Me ya hana in ce wannan mutum abokina ne, ya hana ni zana tambarin, ni na ƙi ji? Na tuna 'ya'yana, gaskiya ne. Amma kai ma kana da Ladi da ƙannenta biyu. Tsoro ne kawai. Na duba ƙofar ofishin na ga ina so in fita ta cikinta, sai na faɗi duk abin da zai buɗe mini ita.

Kwana ashirin da shida ka yi a hannunsu. Ban taka gidanka ba ko sau ɗaya. Kulu ce ta yafa mayafi ta riƙa kai wa matarka Saratu abinci, ba ta nemi izinina ba, ni kuma ban iya hana ta ba. In ta dawo ba na tambayarta komai. Daga baya muka ji wani babban hafsa ne ya zo daga Kaduna, ya ga jirgin ya gane ko mene ne, ya ce a sake ka. Sun mayar maka da ƙwarangwal ɗin da rediyon a farke. Koriyar rigar ba a mayar ba. Ka fito ka rame, kuma babban yatsanka na dama ba ya lanƙwasuwa. Ban tambaye ka abin da ya same shi ba. Kai ma ba ka faɗa ba.

Lahadin farko bayan fitowarka ina zaune a ƙofar shago na ji ƙarar babur ɗinka daga kan kwana. Na tashi zan shige gida, sai na fasa. Ka kafe babur, ka yi sallama, ka zauna a benci, ka ce zafin bana ya yi yawa. Na ce ƙwarai. Kulu ta miƙo shayi muka sha. Na yi ta jiran ka ɗauko maganar, ba ka ɗauko ba. Da ka tafi sai na ce a raina ashe bai sani ba. Na yi hamdala. Ka ji irin mutumin da ka yi abota da shi.

Ka gyara rediyon da kanka. Sau ɗaya muka koma fili, da sassafe, babu kowa. Jirgin ya ɗaga kamar taku ɗaya daga ƙasa, yatsan ya ƙi bin abin da kake so, ya karkata ya daki ƙasa, farfela ta tarwatse. Ka tsaya kana kallon hannunka. Sannan ka tattara gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya ka zuba a akwati. Bai sake tashi ba.

Amma ba ka daina zuwa ba. Shekara shida, duk Lahadi, sai in ba ka gari. Ka zo da takardar buhun siminti ka zana mini tsofaffin jirage, ka ba ni labarin kowanne: wanda ke da farfela biyu gaba da baya, wanda ake ɗaura gadon majinyaci a gefensa, wanda in ya tashi sai duk jikinsa ya riƙa karkarwa har haƙoran matuƙi su yi ciwo. Ni kuma in ƙera rigunan. Ba ka ƙara ɗora ko ɗaya a sikeli ba, tunda babu inda za su. Guda huɗu suna nan rataye a rufin shago da waya, babu inji a cikinsu. In iska ta shigo sai su riƙa juyawa a hankali. Kullum in za ka tafi, sai ka tsaya jikin babur kana ɗaura hular kwano, ka dube ni ka ce, "Babu wata magana?" Ni kuma in ce babu, sai gaisuwa ga iyali. Na ɗauka haka mutanenku suke sallama.

Da ƙafafunka suka fara kumbura ka ce tsayuwar aiki ce. Da aka kwantar da kai likita ya ce ƙoda. Ban taɓa tambaya ko ciwon yana da nasaba da kwanakin nan ashirin da shida ba, don ina tsoron amsar. Na zo duba ka sau uku. A na ƙarshe ɗakin cike yake da mutanen cocinku suna waƙa a hankali. Suka matsa suka ba ni wuri. Na riƙe hannunka, ka buɗe ido ka daɗe kana kallona. Na ce Allah ya ba da lafiya. Iyakar abin da na ce ke nan. Ranar Laraba ka cika.

Saboda nisan hanya da zafi aka ce sai an shimfiɗa kwano a cikin akwatin gawar. Ni na yi aikin. Na auna, na yanka, na liƙe kowace kusurwa da darma, ban bar ko ƙofar allura ba. Amma da motar ta tashi ban shiga ba. Na ce aiki ya yi mini yawa.

Ranar Talatar da ta wuce Saratu ta zo. Ta ajiye aikin koyarwa, za ta koma gida gaba ɗaya, Ladi kuma ta samu aikin jinya a Jos. Ta sa an sauke akwatin katakon nan a ƙofar shagona, ta ce ba ta san wanda ya fi ni cancanta da shi ba. Ta shiga ciki suka yi sallama da Kulu, suka yi kukansu. Da ta fito sai ta zauna a bencinka, ta ɗaga kai tana kallon jiragen da ke rataye. Ba da fushi ta yi maganar ba, kamar mai ba da labarin abin da ya wuce. Ta ce, "Baban Asma'u, ka san sun karanta masa takardar da ka sa wa hannu? Tun kwana na biyu."

Ta ce ka san kowace kalma, har ka haddace. Ta ce shekarar farko in ka dawo daga wurina ba ka iya cin abinci. Ta sha ce maka ka daina zuwa, kai kuma ka ce mata ba ka riƙe ni da tsoron da na ji ba, don ka ga mazajen da suka fi ni ƙarfin hali sun ji irinsa a inda aka tsare ka. Abu ɗaya kake jira, in faɗa da bakina, shi ke nan a wuce wurin. Ka ce in kai ka fara ɗauko maganar, kunya za ta sa in guje ka har abada, kuma ba ka da wani aboki a garin nan. Shi ya sa kake tambayata duk mako kafin ka hau babur.

Shekara shida kana tambayata, Yohanna. Ni ina cewa a gaida iyali.

Ta tashi, ta gyara ɗankwali, ta tafi. Na zauna a wurin har aka kira la'asar, aka kira magariba. Na buɗe akwatin, ga ƙwarangwal ɗin an shafe shi da mai an naɗe a tsohuwar rigar aikinka, ga gutsattsarin farfelar a cikin gwangwanin madara. Ashe duk shekarun nan kana kula da shi.

Washegari da safe na je gidanku, na tarar ana loda kaya a babbar mota. A gaban direba da maƙwabta na faɗa mata duka, fentin da tambarin da amsoshi ukun. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ita ta daɗe da sani, ba ita ce mai jiran ji ba. Ta yago takarda daga wani tsohon littafin 'yan makaranta, ta jingina da jikin motar ta rubuta mini hanya: daga nan zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Jos, sannan motar ƙauye wadda ke tashi sau ɗaya a yini. Ta ce kana bayan coci, kusa da wani dutse, gefen mahaifinka.

To ga shi na rubuta, kafin in zo in faɗa. Ni na zaɓi koren fenti. Ni na zana tambarin bayan ka hana ni. Na ce ban san ka ba, ƙarya na yi. Na ɗora maka abin da hannuna ya aikata don in kwana a gidana, kai ka kwana ashirin da shida a wurin da aka lalata maka hannu. Sannan na bar ka kana zuwa kana komawa da maganar a cikinka har ka mutu. Laifin farkon tsoro ne na yini ɗaya. Na biyun ban san sunan da zan ba shi ba.

Jibi Alhamis zan hau motar safe. Ban taɓa wuce Zariya ba a rayuwata. Kulu ta soya mini nama ta ƙulla a leda, ta ce in tafi da rigar sanyi don an ce garinku akwai sanyi ko da bazara. Ban san abin da Musulmi ke cewa a bakin kabarin Kirista ba, kuma ban tambayi kowa ba, don kada a ba ni amsar da za ta hana ni tafiya. Lamarinka yana hannun Allah da ya halicce mu duka, Shi ya san irin zuciyar da ya ba ka. Ban sani ba ko wanda ke ƙasa yana jin mai tsaye a kansa. Ko kana ji ko ba ka ji, zan cire takalmi in tsaya, in faɗa da ƙarfi yadda ko mai wucewa zai ji.

Ka huta lafiya, Injiniya. Sai na iso.

Ni ne abokinka, wanda ya san ka,
Ummaru mai gyaran jikin mota, Gidan Dare, Sakkwato.